Gwiwar Hagu ta Baba

Mahaifina wanzami ne, kuma tun da na buɗi ido da kekensa na san shi. Baƙin keke ne mai nauyi, irin na maza mai sanda a tsakiya, wanda ya saya tun ba a haife ni ba a hannun wani akawun kamfanin kuza da zai koma garinsu. A unguwar Kongo Rasha ta cikin Jos muke zaune, amma rabin mutanen da yake yi wa aski ba 'yan unguwar ba ne. Litinin da Talata yana cikin gari. Laraba sai Rayfield, inda yake aske wa kukuna da masu gadi da direbobin manyan gidaje a ƙarƙashin itatuwan bayan katanga. Asabar kuwa ta tsofaffin barikokin kuza ce, can gaba inda kwalta ke ƙarewa a shiga turba tsakanin duwatsu da tafkunan da haƙar kuza ta bari. Jefi-jefi yakan kai har Vom, idan an yi haihuwa a gidan wanda ya saba da shi aka kira shi askin suna.

A wata damina, ƙarshen shekarun saba'in, shekarar da na fara koyarwa a firamare, yana dawowa daga bariki tayar gaba ta zame a kan dutse mai gansakuka. Ya faɗi, gwiwarsa ta hagu ta daki dutsen. Wasu mata masu ɗauke da itace ne suka tsince shi, suka kira mazajensu aka fito da shi titi, wata motar yashi ta kawo mana shi gida tare da keken. Maɗori ya yi ɗori, Baba ya yi wata huɗu a kan tabarma. Da ya tashi, ƙafar tana miƙewa sarai, amma lanƙwasawa sai rabi. Ko salla a zaune yake yi, ƙafar a miƙe a gabansa.

Ni a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina jin kaina wani abu saboda na fara ɗaukar albashi. Na yanke shawara ni kaɗai cewa yawon Baba ya ƙare. Na sa kafinta ya yi masa kujera mai majingina, na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, na rataya madubi, na ce masa daga yau mai son aski ya zo ya same shi. Keken kuwa na tura shi ɗakin ajiya bayan buhunan masara. Don kada ya ruɗe shi wata rana, sai na kwance bawul ɗin tayoyin biyu, iska ta fice, na jefa su a aljihun jakata ta makaranta. Ban gaya wa kowa ba, har Inna.

Baba bai yi mini gardama ba. Ya zauna a zaure. 'Yan unguwa suna zuwa, amma kafin hantsi ya gama da su, sauran yinin sai ya zauna yana wasa askar da ba ta bukatar wasawa. Mutanen Rayfield ba sa iya barin bakin aikinsu, tsofaffin bariki kuwa yawancinsu ba su da ƙafar zuwa gari. Na lura ya rage magana, ya rage cin abinci, amma na ɗora laifin a kan sanyin Jos da ke shiga masa ƙashi. Abin da na fi so in gaskata ke nan.

Wata Alhamis na dawo daga makaranta bayan azahar, ban gan shi a zaure ba. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Babanka ya fita da keke.”

“Hawa ya yi?”

“Da wace iskar zai hau? Tura shi ya yi, yana dogara shi kamar sanda.”

Na san inda zai je. A bakin mararrabar unguwarmu, ƙarƙashin wani mangwaro, akwai mai gyaran keke, Ibo ne, dattijo mai furfura a gemu. Ya bar Jos lokacin tashin hankali, ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake kafa bencinsa a gindin bishiyar da ya bari. Kowa Mai Keke yake ce masa, Baba kaɗai ke kiransa Injiniya. Shi kuma yana ce wa Baba “Baba Wanzam”, ni kuwa “Tica”. Hausarsa irin ta Jos ce, ba ruwansa da mace ko namiji, komai “shi” ne.

Na same su zaune a kan benci, keken a jingine. Da Baba ya hango ni sai ya ce, “Yauwa, ga Malam nan. Malam, Injiniya ya ce wai ɓeraye ne suka cinye mini bawul. Na ce masa ai ɓerayen gidanmu masu ilimi ne, har zare suke kwancewa.”

Mai Keke ya tuntsire da dariya. Ni na sunkuyar da kai. Baba bai sake tayar da maganar ba, ranar ko bayanta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Mai Keke bai taɓa keken ba tukuna. Durƙusawa ya yi gaban Baba, ya kama diddigensa na hagu da hannu biyu, yana tura ƙafar sama a hankali.

“Baba Wanzam, in ya yi zafi ka ce.”

Ya tura, ya tura, har Baba ya ja numfashi ya ce, “Nan.”

Ya ɗauko igiya ya auna daga ƙugu zuwa diddige a daidai wannan lanƙwasa, ya ƙulla. Ya miƙar da ƙafar ya sake aunawa, ya sake ƙulli. Ya yi haka a ƙafar dama ma. Sannan ya zauna yana kallon igiyar yana girgiza kai.

“Akwai hanya mai sauƙi,” in ji shi. “Ina da keken mata a ciki, ba sanda a tsakiya. Ba sai ka ɗaga ƙafa ba, ka shiga kawai.”

Baba ya dube shi ya ce, “Injiniya, shekara nawa ina aske maka kai?”

“Ya fi ashirin.”

“Na taɓa yankanka?”

“A'a.”

“To me na yi maka?”

Daga nan ba a sake zancen keken mata ba. Ni dai a raina na ce da ya yarda da ya fi, kuma har yau ina ganin haka. Amma keken nasa ne, gwiwar ma tasa ce.

Na sa baki na ce, in dai dole sai ya hau, to a sauke sirdin ƙasa sosai yadda ƙafafunsa biyu za su riƙa taɓa ƙasa. Baba ya gyaɗa kai, shi ma tunaninsa ke nan. Mai Keke ya jawo keken gabansa. Ya sa sabbin bawul, ya buga iska, ya sauke sirdin har ƙarshe, ya ce in riƙe keken Baba ya hau. Muka taimaka masa ya zauna. Da feda ta hagu ta fara tasowa sama, tun ba ta kai ƙoli ba, gwiwar ta ƙi, Baba ya cije leɓe ya karkata gefe, saura kaɗan mu zube mu duka.

“Ka gani, Tica?” in ji Mai Keke. “In sirdi ya yi ƙasa, gwiwa zai naɗe da yawa. Wannan gwiwa kuma ya ce shi ba zai naɗe ba. Sama za mu je.”

Ya ɗaga sirdin. Abin ya yi sauƙi amma bai isa ba, har yanzu fedar tana tasowa fiye da inda gwiwar ke yarda. Sai ya shiga rumfarsa ya yi ta birkita tarin ƙarafa, ya fito da ƙarfen feda na keken yara, wato sandar nan da ke haɗa feda da tsakiyar keke. Ya fi na manya gajarta da kamar yatsu uku. Ya ce idan ƙarfen ya gajarta, da'irar da ƙafa ke zagayawa za ta ƙanƙance, gwiwar ba za ta yi sama sosai ba. Ya ƙara da cewa mun ci sa'a hagu ce, domin na dama shi ke haɗe da faifan sarƙa, canza shi babban aiki ne. Ya buge ƙusar da ke riƙe da tsohon, ya goge ramin sabon da zarto har ya zauna daram. Wannan kaɗai ya cinye mana yammacin nan.

Washegari wata matsalar ta fito. An ɗaga sirdi don ƙafar hagu, yanzu kuma ta dama ba ta kai feda in ta yi ƙasa, sai Baba ya miƙa yatsu yana laluben ta. Mai Keke ya aike ni wurin kafintan da ya yi kujerar zaure, na karɓo guntayen katako guda biyu masu kaurin yatsu uku. Ya ɗaura su a fuskoki biyu na fedar dama da noti, ya lulluɓe su da yankin tsohuwar taya don kada takalmi ya zame. Baba ya daɗe yana kallon fedar, sannan ya ce, “Ikon Allah. Mai ciwo tana nan, mai lafiya aka yi wa ɗori.”

Ranar ya zagaya mangwaron sau biyu, ina gudu a gefensa hannuna a kan kariyar ɗaukar kaya ta baya. A zagaye na uku ya ce in sake shi. Na saki. Ya tafi har bakin famfon unguwa ya juyo. Bai yi murmushi ba, amma da ya sauka na ga yana shafa sirdin.

Na ɗauka an gama, ashe an fara ne. Laraba ta farko da ya je Rayfield, ya dawo da la'asar fuskarsa a murtuke. Gwiwar ba ta dame shi ba. Hannuwansa ne. Da aka ɗaga sirdin, sai ya zama yana kifuwa gaba, nauyinsa duka a kan tafukansa, kafin ya isa yatsunsa sun mutu. Ya ce sai da ya zauna kusan rabin sa'a yana murza su kafin ya yarda ya ɗora aska a kan mutum. Ga wanzami wannan ya fi ciwon gwiwa tayar da hankali.

Muka koma gindin mangwaro. Mai Keke ya sassauta kan keken ya jawo shi sama iyakar yadda zai yiwu ba tare da ya fita daga mazauninsa ba, ya ɗan karkato mariƙan baya wajen ƙirjin Baba. Ya yanka tsohuwar robar cikin taya siriri-siriri ya nannaɗe mariƙan har suka yi kauri da taushi. Ya duba hancin sirdin ya ce ya sunkuya da yawa, shi ke zamo da mutum gaba, ya ɗago shi kaɗan. Bayan kwana biyu Baba ya ce ya ɗagu fiye da kima, yana takura masa, aka mayar da shi rabi. Haka muka yi ta yi kusan mako uku, yau a ƙara, gobe a rage. Mai Keke bai taɓa canza abu biyu a rana ɗaya ba. Ya ce in ka taɓa biyu, ba za ka san wanne ya yi magani ba, wanne ya kawo ciwo.

Hawa da sauka kuwa Baba ne ya nemo wa kansa dabara. Tun da sirdin ya yi tsawo, sai ya riƙa neman tudu: dakalin ƙofar gida, bakin kwalbati, ko dutse. Ya tsaya a kai, ya kwantar da keken gefe, ya tsallakar da ƙafar, sannan ya tayar da shi. Kuma Jos ba ta rasa dutse ba. Kafin wata ya zagayo ya san dutsen hawansa a kowane wurin da yake tsayawa.

Saura hanyar bariki, wadda ta kayar da shi. Duk wannan lokacin ina taimakawa ne da rabin zuciya, ina fata zai tsaya iya kwalta. Wata rana muna gindin mangwaro, da Baba ya ce Asabar mai zuwa zai je, na buɗe baki zan yi magana, sai Mai Keke ya riga ni.

“Tica, kai za ka bi shi. Ka ari keke, ka tsaya bayansa. Kada ka kalli hanya kawai, ka kalli ƙugunsa da kafaɗa. In ƙugu yana rawa hagu da dama, sirdi ya yi sama. In kafaɗa ya hau kunne, hannu yana wahala. Ni ba zan iya gani daga nan ba.”

Ya miƙo mini ƙaramar sifana da famfo. Ya ce idan mun bar kwalta in rage iskar tayoyin kaɗan, yadda in na danna da babban yatsa za su ɗan lotsa, don kada keken ya riƙa tsalle a kan tsakuwa. In mun dawo titi in sake bugawa.

Muka fita da sassafe, rana ba ta gama korar sanyi ba. Baba yana gaba, ya tattare babbar rigarsa a cinya, zabira a rataye a kafaɗa. Ban taɓa kallon mahaifina daga baya na tsawon lokaci haka ba. Na ga wuyansa ya yi siriri, na ga yadda hularsa ta yi masa ɗan yawa. Tafiyar tasa tana da wani ɗan ɗingishi, dama ta yi babban zagaye, hagu ta yi ƙarami, amma keken yana tafiya sak. Muka wuce gidajen Rayfield masu shingen furanni, wani mai gadi ya ɗaga masa hannu yana kiran “Sannu da ƙoƙari, Baba!”

Inda kwalta ta ƙare muka tsaya na rage iska. Da muka shiga turba sai na ga abin da aka ce in duba: ƙugunsa yana karkata dama duk sa'ad da fedar ta yi ƙasa. A kan titi ban gani ba, amma a nan, da yake keken yana girgiza, yana ta miƙa ƙafa yana neman ta.

Na ce, “Baba, a ɗan tsaya.”

Ya nemi dutse ya sauka. Na sassauta notin sirdin, na sauke shi kamar faɗin yatsa ɗaya, na ɗaure. Wannan ne karo na farko da na taɓa keken da niyyar ya tafi. Ya hau, ya yi 'yar tafiya, ya waiwayo.

“Malam, ka iya. Haka ya fi.”

Da muka zo wurin da ya faɗi, ni ban san shi ba, shi ya nuna mini. Wani shimfiɗaɗɗen dutse ne da ruwa ke tsattsafowa ta kansa zuwa tafki. Ya sauka tun daga nesa ba tare da na ce komai ba, ya tura keken muka tsallaka a ƙasa. Ya ce shekara talatin yana bi ta kansa a guje, rashin hankali ne kawai Allah ya daɗe yana rufa masa asiri.

Barikin 'yan ɗakuna ne na jar ƙasa da rufin kwano mai tsatsa, ragowar ma'aikatan da suka zo haƙar kuza tun suna samari daga Kano da Borno da wasu wuraren, aiki ya ja baya su kuma ba su koma ba. Da suka ji ƙararrawar keken sai suka firfito. Wasunsu an yi musu aski da reza a hannun 'ya'yansu, kawunan duk tabo. Akwai wani tsoho makaho da ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa kai tun faɗuwar Baba, gashinsa ya yi fari ya cukurkuɗe har ya rufe kunnuwa. Ya kama hannun Baba ya riƙe, yana cewa, “An ce mini ka daina fita. Na ce ƙarya ne, sai dai in mutuwa ya yi.”

Baba ya zauna a kan turmi da aka kifa masa, ya miƙe ƙafar hagu. Ya buɗe tafukansa ya dunƙule sau biyu, ya dube ni ya gyaɗa kai, alamar yatsun suna nan da ransu. Ya jiƙa kan tsohon da ruwan ɗumi, ya wasa aska a fata, ya fara. Ina zaune a gefe ina jin hirarsu: wane ya rasu a watan jiya, 'yar wane ta haihu, rijiyar bayan masallaci ta rufta. Yawancin sunayen ban san su ba. Sai ranar na gane cewa duk watannin da na zaunar da shi a zaure, mutanen nan ne yake tunani, kuma ban taɓa tambayarsa ko su wane ne ba.

Muka dawo bayan la'asar. Na tsaya gindin mangwaro na mayar da sifana, na gaya wa Mai Keke na sauke sirdin faɗin yatsa. Ya duba, ya ɗauki zarto ya yi ɗan zane a jikin ƙarfen daidai wurin, ya ce a nan zai zauna, kada kowa ya sake taɓawa.

Baba ya ƙara kusan shekara uku yana hawa. Shi da kansa ya riƙa rage zangonsa. Vom ya fara bari, ya ce hawan hanyar ya fi ƙarfin ƙafa ɗaya da rabi. Da damina kuma, in an kwana ana ruwa, ba ya shiga turba. Ban sake ce masa je ko kada ka je ba.

Abin da ya tsayar da shi daga baya ido ne. Wata Asabar ya dawo tun kafin azahar, ya jingine keken, ya zauna a dakali bai shiga gida ba. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce ya yanki wani a bayan kunne, ba sosai ba, mutumin ma dariya ya yi, amma shi bai ga wurin ba sai da jini ya fito. Da yamma ya wanke asakensa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa musu mai, ya naɗe su a zabira ya ba Inna ta ajiye.

Duk da haka Asabar ta gaba ya fito da keken. Ya sayi goro na 'yan kwabbai ya ƙulle a leda ya ɗaura a kariya. Na tambaye shi ina za shi ba zabira. Ya ce zai je bariki ya gaya wa tsofaffin da bakinsa cewa ya ajiye aska, kuma akwai wani wanzami a Bukuru mai hannu mai kyau da yake so ya haɗa su da shi. Ya hau dakali, ya kwantar da keken, ya tsallakar da ƙafar, ya ce in gaya wa Inna kada ta jira shi da abincin rana.